Gidan da Ba a Jinya

Abu biyu ake taƙama da su a gidan su mijin Umma: tsawo, da kuma cewa ba sa jinya. Tsawon dai ba musu, ko makaho ya ji daga inda muryarsu ke saukowa ya san da dogaye yake magana. Ita Umma da ta shigo gidan tana amarya iyakarta ƙirjin mijinta, dangi suka raɗa mata Guntuwa, sunan ya bi ta har furfura. Tela ce, kuma aikin gidan kaɗai ya ishe ta, don babu shagon da ke sayar da rigar da hannunta zai kai wuyan hannun ɗan gidan nan.

Maganar jinya kuwa, Kaka ce mai ita, wato uwar mijin. "Mu mazanmu a tsaye suke tafiya," haka take cewa, tana ɗaga haɓa. "Ba mu san ɗaga wani a kwantar ba." Mijinta ya faɗi ne a bakin shagonsa, magana a bakinsa. Ɗanta na biyu ya sunkuya zai ɗaura takalmi, bai ɗago ba. Shi kuwa mijin Umma, mai fenti ne da ake rububinsa don ba ya neman tsani, wata hantsi yana shafa rufin ɗakin wasu mutane ya dafe ƙirji, ya ce kamar an tsaga masa baya, ya zauna a kan bokitin fenti. Kafin a samo mota ya cika. Umma ba ta taɓa jin daɗin wannan taƙamar ba. Ko ruwa ba ta samu ta ba shi a baki ba, kuma abin yana cin ta har yau.

Akwai abu na uku da ba a taƙama da shi, idanu. Jinin gidan duk ba sa gani sosai, amma babu wanda ya taɓa taka ƙofar likitan ido. Me zai kai su, ga durowa? Durowar ƙasa ce ta kabad ɗin Kaka. Duk wanda ya rasu, a cire tabarau ɗinsa, a goge, a jefa ciki. In yaro ya fara manna littafi a hanci, sai a durƙusar da shi gaban durowa, ya yi ta gwadawa yana kallon kalandar bango, har ya ce, "Wannan ya yi." Masu kaurin gindin kwalba, masu ƙafa ɗaya ɗaure da zare, duk daga teburan masu sayar da tabarau a bakin titi aka sayo su tun asali. Babban ɗan Umma, wanda ake kira Ƙarami duk da ya fi ubansa tsawo, na uban ya ɗauka, kuma ko barci da kyar yake cire su.

Auta, ƙanwar Ƙarami, ita ce ta karya al'adar, ba don ta so ba. Ta juye durowar kaf, babu wanda ya yi mata. Ta ce da idon hagu kalandar biyu take gani.

"Iyayi ne," in ji Kaka. "Idon naki ya fi na kakanki ne?"

Umma ta miƙe. Ta rufe keken ɗinki, ta ja yarinyar suka tafi asibitin ido.

Likitar mace ce mai sanyin murya. Ta ɗiga wa Auta magani, suka jira a benci har baƙin idon ya buɗe, sannan ta sa ta ɗora haɓa a kan na'ura, ta haska wata siririyar fitila. Ta daɗe tana leƙe. Da ta ɗago, ba idon ta kalla ba, hannun yarinyar ta kalla.

"Kama wuyan hannunki da babban yatsa da ƙaramin yatsa in gani."

Auta ta kama. Yatsun suka zagaye, har ɗaya ya hau kan ɗaya. Ta yi dariya, don a gidansu wasa ne wannan, da shi suke tsokanar Umma.

"Babanta fa?" likita ta tambaya.

"Ya rasu."

"Allah Ya jiƙansa. Ya yi jinya?"

Saura kaɗan maganar Kaka ta fito daga bakin Umma. Ta haɗiye ta. Ta ba da labarin bokitin fenti, da na takalmi, da na bakin shago. Tana faɗa tana jin yadda labaran suka zama abu guda, ita da a da take ɗaukarsu uku.

Likita ta juya kujerarta ta fuskance ta. Ta ce a cikin ido akwai ɗan madubi da wasu siraran zaruruwa ke riƙe da shi, na Auta zaruruwan sun saki, madubin ya goce. Ta ce abin da ke riƙe madubin nan, irinsa ne ke ƙarfafa bangon babbar jijiyar da ke ɗauke jini daga zuciya. A wasu gidaje ana haifar mutane da shi sako-sako. Su yi tsawo, yatsu zara-zara, ido ya raunana, jijiyar kuma ta yi ta buɗewa a hankali ba ciwo ba alama, har ranar da za ta yage. Ta faɗi sunan ciwon, Marfan, ta ce gado ne, ba kowane ɗa ke ɗauka ba, amma kowane ɗa sai an duba shi.

"Ido zan iya gyara mata da tabarau nata na kanta," ta ce. "Amma ba ido ne ya fi damuna ba, Mama. Ku ga likitan zuciya."

Likitan zuciya ya shafa wa Auta wani abu mai sanyi a ƙirji, ya yi ta yawo da kan na'ura yana kallon allo. Ya ce jijiyarta ta ɗan buɗe, amma an zo da wuri. Ƙwaya za ta riƙa sha kullum don zuciya ta rage dukan bangon, ban da ɗaukar kaya mai nauyi, ban da wasan da ake karo, kuma za a riƙa auna jijiyar lokaci-lokaci. Umma ta fara sauke ajiyar zuciya ke nan ya tambaya ko akwai wasu 'ya'yan.

"Akwai yayanta."

"Me yake yi?"

"Kwasar kaya. In mutane za su tashi daga gida, su ne ke loda mota. Firji, kabad, injin wanki."

Likita ya ajiye biro. "Ki kawo shi. Kada ki jira sai ya samu hutu."

Ƙarami ya saurare ta da yamma yana cin abinci, ya yi dariyar da ta ba ta haushi.

"Haba Umma. Ni da nake hawa bene da firji ni kaɗai? Ko ciwon kai ba na yi."

"Babanka ma ba ya yi."

"Baba kwanansa ne ya ƙare."

"Ban ce ba haka ba ne. Duba ka kawai za su yi."

"In sun duba sun ce in bar aiki fa? In zauna in riƙa zare miki allura?" Ya tura tabarau ɗin ubansa sama da ɗan yatsa, daidai yadda uban ke yi. "Ki bar maganar nan don Allah."

Kaka daga ɗakinta ta sa baki. "Guntuwa, kada ki sa wa yaro ciwon da ba shi da shi. Kin kai 'yar an ɗora mata ƙwaya, bai ishe ki ba? Gidan nan ba a jinya."

Umma ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, ta daina yi masa magana, duk a banza. Yaron yana da ladabi, amma taurin kan gidan ya gado shi tare da tsawon. Sai ranar da maƙwabtansu na sama za su tashi, aka kira su Ƙarami. Tana zaune a kan keke, ƙofa a buɗe, ta gan shi yana saukowa da firji a baya, igiya ta ratsa ƙirjinsa, jijiyoyin wuya sun fito ruɗu-ruɗu, ya riƙe numfashi. A tsakiyar bene ya tsaya, ya dafa bango da hannu ɗaya. Watakila gumi kawai yake sharewa. Ita dai ta tsayar da keken, tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, don lokacin mijinta ba ta san komai ba, yanzu kuwa ta sani.

Washegari da safe Kaka na wanka, Umma ta juye durowar a buhun tsummokaranta, ta miƙa wa motar shara da hannunta. Da Ƙarami ya shiga wanka shi ma, ta ɗauke tabarau ɗinsa daga kan taga.

Ya fito yana lalube. Ya shafa taga, ya shafa ƙasa, ya je ɗakin Kaka ya ja durowa, ya ji ta fayau. Ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakin ɗinki, kansa a sunkuye don ya fi ƙofar tsawo, idanunsa tsirara kamar na jariri.

"Umma, ba ni tabarau ɗina. Mota na jirana."

"Ba za ka ba."

"Zan laluba ɗakin nan kaf, kin san zan samu."

Ta san zai samu. Ta fito da su daga ƙarƙashin yadi, ta ɗora a kan tebur. Ƙafar dama har yanzu da ɗigon farin fenti. Ta ɗauki dutsen guga, ta sauke shi a kai. Bai ga abin da ta yi ba, ƙarar ya ji.

"Na Baba ne," ya ce a hankali.

"Na sani. Ni na cire su daga fuskarsa."

Kaka ta yi ta salati tana cewa Guntuwa ta haukace, ta zubar mata da mazanta a shara. Umma ba ta kare kanta ba, don ita ma zuciyarta ta karye tare da gilashin nan. Ta sa mayafi, ta kama hannun ɗanta. Ba tabarau ko titi ba zai iya ƙetarewa ba, dole ya bi ta. Mutane suka yi ta kallon guntuwar mace tana jan zabgegen saurayi har asibiti.

Likitar ido ta auna shi, ta rubuta masa nasa, sannan ta aika su wurin likitan zuciya ba tare da an ba su wata rana ba. Wannan karon likitan bai yi hira ba. Ya auna, ya sake aunawa, ya sa aka ɗauki wani hoton a cikin babbar na'ura. Sannan ya zaunar da su, ya ce jijiyar Ƙarami ta buɗe har ta kai inda ƙwaya kaɗai ba za ta riƙe ta ba. Aiki za a yi, a cire wurin da ya kumbura a sa bututun roba a madadinsa. Babban aiki ne, yana da haɗarinsa, amma barinsa ya fi haɗari nesa ba kusa ba.

"Firjin jiya fa?" Ƙarami ya tambaya.

"Allah Ya tsare," in ji likita. "Kada a sake."

Ranar aikin Umma ta zauna a benci daga safe har rana ta karkata, Auta a gefenta da sabon tabarau. Ba ta iya addu'a mai tsawo ba, abu ɗaya take ta maimaitawa, Allah Ya ba ta shi ko a kwance ne. Da likita ya fito ya ce an gama lafiya, sai ta ɗaga hannu ta yi hamdala.

Bayan an fito da shi daga ɗakin kulawa ta musamman aka kai shi ɗakin marasa lafiya. Gadon bai ishe shi ba, ma'aikaciyar jinya ta jawo kujera ta ɗora matashi, ƙafafunsa suka kwanta a kai. Ƙirjinsa a naɗe, leɓɓansa a bushe. Umma na shafa masa mai a tafin ƙafa ya buɗe ido, ya dube ta ta cikin sabon gilashi.

"Ashe haka fuskarki take," ya ce da kyar. "Kin tsufa, Umma."

"Kai ka tsofar da ni, ja'iri."

A nan Kaka ta iso, Auta na riƙe da ita. Tun ranar durowa ba ta yi wa Umma magana ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon jikanta tun daga kai har kujerar da ƙafafunsa suke.

"Tunda nake," ta ce, "ban taɓa ganin namijin gidan nan a kwance yana numfashi ba."

Sai haɓar nan da take ɗagawa ta fara rawa. Umma ta dube ta, tausayi ya kama ta. Mace ta binne miji da 'ya'ya biyu ba sallama, ba ta da abin riƙewa sai ta ce a tsaye suka tafi. Tsohuwar ta matso, ta tsaya a gefen gado tana juya hannuwa, ta rasa inda za ta sa su.

"Guntuwa," ta ce, "me ake yi wa marar lafiya?"

Umma ta zuba ruwa a kofi, ta sa cokali, ta damƙa mata.

"Kaɗan-kaɗan za ki ba shi, Kaka. Ni zan tallafe masa kai."