Ɗawisun Bangon Kesar

Ni da Kesar ba ma ga maciji tun muna amare. Ƙofarta na kallon tawa, lungu ne kawai tsakaninmu. Duk shekara idan Holi, bikinmu na watsa launi, ya matso sai mu yaɓe bangayenmu da jar ƙasa da kashin shanu, kowacce ta zana mandana, adon bangonmu na gado, da farar ƙasa, matan unguwa su tsaya a tsakiya suna juya wuya. Ni furanni nake yi da damisa. Ita ɗawisu, kullum ɗawisu, kuma ba zan ɓoye ba, har haushi yake ba ni don kyau. In za ta fara sai ta rataya tsohon zane ta shige bayansa, wai kada a ga inda take soma layin farko. Daga uwarta ta gada, ba a koya wa bare. Ita kuwa duk maza ta haifa, sun kwashi matansu sun tafi Jaipur, sun bar ta da saniya da baki.

Bana ba zanen bango ne damuwata ba. Ɗana Banwari ya yi aure da sanyin nan, wannan ne Holi na farko ga matarsa Sugna. Kowa ya san amarya ba ta ganin wutar Holika ta farko, wadda ake kunnawa daren jajiberin bikin, a gidan miji. Danginta ke zuwa su ɗauke ta, mijin ya bi ta can a yi masa wanka da launi, sannan ya dawo da ita. To Sugna ba ta da mai zuwa. Iyayenta sun rasu tana ƙarama, kawun da ya riƙe ta kuma yana aurar da ita ya garƙame gida ya tafi aikin masaƙa a Surat.

Sauran amaren unguwa aka yi ta zuwa ɗaukarsu, wata a babur, wata a bayan tarakta. Duk ƙarar da ta ji a lungu sai Sugna ta ɗaga kai daga turmi, ta sake sunkuyarwa. Abin ya tsaya mini a rai.

Banwari ya ce, "Ma, ku bar wannan camfin. Ta zauna a ɗaki ta rufe taga, shi ke nan."

Na ce, "Kai dai girman jiki kawai ka yi. Wa ya ce maka wutar ce ke damunta?"

Ranar da na fara zanena Sugna ce ke riƙe mini kwanon farar ƙasa. Ina can sama ina fama da wutsiyar damisa, ashe ta tsoma yatsa ta yi wani ɗan tsuntsu a gindin bango. Sai ga Kesar ta fito, hannu a ƙugu.

"Gyarsi, wannan damisa ce ko akuya mai ciki?"

"Je ki ji da kajinki masu dogon bindi."

Ta matso za ta ƙara, idonta ya faɗa kan tsuntsun. Ta durƙusa tana duba shi. "Wannan ba hannunki ba ne, naki rawa yake." Ta juya ga Sugna, ta kira ta yadda muke kiran matar ɗa. "Bindani, ke yaushe za a zo ɗaukarki?"

Na so in kifa mata kwanon a ka. Duk unguwa ta san amsar.

Sugna ta ja mayafi ta ce a hankali, "Ba mai zuwa, Kaki." Haka ake kiran gwaggo a wajenmu.

Kesar ta miƙe ta kaɗe gwiwa ta shige gida. Na ce a raina ta samu abin kaiwa bakin rijiya.

Washegari da hantsi aka buga mini ƙofa. Kesar ce, cikin kayan da take zuwa biki da su, ɗauke da faranti: kwakwa, gujiya mai zafi, wato soyayyen zaƙin da muke yi da Holi, da sabon mayafin Holi fari mai jan baki. Daga baya na ji wai ta ƙofar baya ta fita, ta zagaya ta bakin titi, don ta shigo lungun kamar baƙuwa daga wani gari.

Ta ce, "Na zo ɗaukar 'yata."

"Yaushe kika haifi mace?"

"Jiya da yamma. Haka ake karɓar surukai a gidanku, a tsaye, ko shayi babu?"

Na duba Sugna. Tana tsaye jikin ginshiƙi, hannunta duk gari, idonta a kan mayafin nan. Na je na ɗora shayi, na zuba sukari da yawa, kada tsohuwar ta samu abin faɗa. Ta shanye ta ce ya yi ruwa, sannan ta sa Sugna a gaba suka tsallaka lungu.

Da azahar na ga an rataya tsohon zanen a bangon Kesar, ƙafafu huɗu a ƙarƙashinsa. Na share ƙofar gidana, na sake sharewa, har tsintsiya ta gaji, amma raɗa suke yi, ban tsinci komai ba sai dariyar Sugna. Ban taɓa jin ta yi dariya da ƙarfi haka ba. Na ji daɗi, na kuma ji kishi, duka biyun.

Ranar wasan launi aka yaye zanen. Ɗawisu biyu ne a bangon, ɗaya wuyansa ya ɗan karkace, matan unguwa kuma shi suka fi tsayawa kallo. Banwari ya sa fararen kaya ya tsallaka lungu a matsayin suruki. Kesar ta tara masa mata, suka juye masa bokitin ruwan rawaya, suka ɗaura masa mayafi, suna yi masa waƙar zambo har da ni uwarsa a ciki. Na mayar musu daga ƙofata.

Da la'asar aka fito da Sugna za a mayar mini. Tana isa bakin ƙofa ta juya ta rungume Kesar, ta fashe da kuka, irin na amaryar da za a kai wata ƙasa, alhali lungun akuya ma tsalle ɗaya take tsallake shi. Wasu 'yanmata suka fara dariya, na harare su. Ranar aurenta ko ɗigon hawaye ba ta yi ba, har aka ce taurin zuciya gare ta, ashe wanda za ta riƙe ta yi kukan ne babu.

Kesar ta kamo hannunta ta sa a nawa. Fuskar Kesar shuɗi da kore, hawaye sun yi hanya a ciki.

"Gyarsi, ki riƙe mini ita da kyau. In kika ɓata mata rai, ta san hanyar gidansu."

Maimakon in mayar mata da magana yadda na saba, sai na ɗebi jan garin launi na shafa wa Kesar a kumatu, ta tsaya har na gama.