Gefen da Auta Ya Yanke

Ƙanenta ne ya lalata mata littafin. Ba mugu ba ne, iyayi ne ya yi masa yawa, kuma ɓarnar mai iyayi ta fi ta mugu.

Shekara ashirin tana yin littattafan da babu na biyunsu. Ita ke jiƙa tsumma, ta daka, ta tace, ta shanya ya zama takarda, ta yi zane, ta ɗinke da hannu. Ƙanen yana da shagon buga rasit da katin gayyata a ƙasan benenta, shi ke matse mata bango.

Da ciwo ya kwantar da mijinta, da tsofaffin rigunansa ta yi takarda arba'in. Ta yi zane a tsakiya, shi kuma ya bi gefen kowane shafi da fensir, yana rubuta mata magana. Ya ce kada ta karanta sai littafin ya haɗu. Ta riƙe masa wannan alkawari har bayan rasuwarsa. Da tafin hannu take rufe gefen tana ɗinki.

Ta sauko da littafin shago.

"Matsewa kawai, Auta. Kada ka taɓa gefen."

"Yaya, wannan gefen kamar ɓera ya ci? A ce kina da ƙane mai inji?"

"Matsewa kawai na ce."

Washegari ya hawo da shi yana murmushi. Gefen ya yi sumul kamar sabulu. Sau uku ya sa masa wuƙar inji don ya daidaita.

"Yanzu ya zama littafi," in ji shi.

Ta buɗe. Zanenta na nan. Rubutun mijin, sai ɗigo da jelar harafi.

"Ba ka ga rubutu ba?"

"Na ɗauka gwajin fensir ne, Yaya."

A kwandon sharar shagon ta sami sauran, sirara kamar tsinken tsintsiya, sun cakuɗe da yankan rasit. Ta daɗe a tsugune. Ba ta zage shi ba. Ta miƙa masa kwandon.

"Ranar da ka haɗa min layi ɗaya, ka hawo."

Shekara bakwai ke nan. Bai haɗa ba, bai hau benen ba. Kullum da safe tana wucewa ta ƙofarsa ta ce, "Sannu da aiki, mai shago." Ba ta sake kiransa Auta ba.