Akwai Mutum a Cikin Rumbu

Aikin da bai kai minti biyu ba ne ya cinye min hantsi. Hajiya Marka, mai makarantar da nake kula wa da kwamfutoci a Kabo, ta ce in goge tsohon rumbun bayanan ɗalibai, tunda mun kwashe komai zuwa sabo kuma wuri ya cika. In na goge, ya tafi ke nan, babu kwafi.

Na ba da umarni. Kwamfuta ta ce ba za ta goge ba, akwai wanda ke ciki. Na duba jerin masu haɗi, na ga ɗaya, na katse shi. Kafin in sake dannawa ya dawo. Sau uku muna haka. Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba, na ja tsaki na bi lambar na'urar. Ashe tsohuwar kwamfutar ɗakin karatu ce.

Malam Davou na tarar, malamin lissafi, mutumin Filato da ya fi shekara ashirin a nan. Har ni ya koyar, dole na haɗiye faɗan na gaishe shi. Ya ce shi dai injin nan yana ta fitar da shi, yana komawa. A gabansa akwai littafi, yana kwafar sunaye da biro.

Na ce ai duk suna cikin sabo. Ya ce a'a, ya duba. Waɗanda ke da lambar jarrabawar fita kaɗai na kwashe. Waɗanda suka bari a hanya ba su da lamba, kuma su ne ke dawowa neman shaidar sun taɓa zama a aji. Ni na tsara kwasar da hannuna. Kunya ta kama ni.

Ya juyo min da littafin, ya ɗora yatsa a layi na tara. Mahbub Dalhatu, Garo. Yayana ne, wanda ya bar aji biyar ya koma gona da Baba ya kwanta ciwo, don ni in ci gaba. Jibi zai zo karɓar takardar shaida don neman aiki a Gwarzo.

"Ikilima, saura ɗari da sittin," in ji Malam. "Ki ba ni zuwa la'asar."

Na ce ya ajiye biron, ni zan kwashe su. Amma na roƙe shi kada ya fita daga cikin rumbun sai na dawo, don muddin yana ciki ba zai gogu ba.