Asabar Bakwai a Kalanda

Ita ce ta tsara yadda manhajar za ta yi aiki: saƙon imel ya shigo, ka mayar da shi aikin yi, ka sa masa rana a kalanda. In ranar ta wuce ba ka yi ba, manhajar ta ɗage shi zuwa mako na gaba da kanta.

Da saƙonninta ta yi gwaji, ta fara da na yayanta: "Auta, ki leƙo gida. Mama na cigiyarki, ta ce ko kwamfuta kika aura." Ta yi dariya, ta sa masa Asabar. Aiki ya sha mata kai, Asabar bakwai suka wuce, manhajar tana ɗagewa shiru. Kafin ta takwas Mama ta rasu.

Da ta koma ofis, abokin aikinta ya yi mata gaisuwa, sannan ya tambaya, "Ɗagewar nan, mu bar ta haka?"

Ta dubi allon kwamfutarta, idanunta suka ciko.

"A'a. In ta ɗage sau biyu, ta buɗe wa mutum saƙon, ya ga wanda ke jiransa."

Ya rubuta, ya fita ya ja mata ƙofa a hankali.