Ƙasar Zubin Yaya

Tukunyar da Auta ya zuba da safen nan ma ta yi yoyo. Ya cika ta da ruwa, ya ɗaga ta sama, sai ga ɗigo yana tsattsafowa ta wasu 'yan huji da ido ba ya gani. Ya wurga ta kan tulin 'yan'uwanta da ke jiran a sake narka su. Tun da ɓarin jikin yayansa ya shanye, ko tukunya ɗaya ta kirki ba ta fita daga shagon nan ba.

Su biyu ne a sana'ar, zubin tukwanen alminiyum. Auta, wanda furfura ta cinye masa gemu amma sunan ya ƙi sakinsa, shi ke narka ƙarfe, ya zuba, ya goge da magagari. Yaya kuwa shi ke haɗa ƙasar da ake dannawa a akwati a fitar da siffar tukunya, kuma nan asirin yake. In ruwa ya yi mata yawa, tururi ya huda tukunya. In ta bushe, ta ruguje. Tukunyar Yaya mace kan yi girki da ita har ta bar wa 'yarta. Amma mutumin nan, Allah Ya ba shi lafiya, akwai shegen ɓoyo. In zai haɗa ƙasa sai ya shige ɗakin ciki ya saka sakata, ya bar ƙanen da suka sha nono ɗaya a waje yana hura wuta. Kullum maganarsa ɗaya: "Da sauran lokaci, Auta."

To, ga lokacin ya zo, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi, hannun dama ya zama kamar tsumma. Auta ya ɓalle ƙofar ɗakin, ya tarar da buhun yashi, da na yumɓu, da garin gawayi, da bokitin ruwa. Babu abin da bai sani ba a ciki. Yawan da ake ɗiba na kowanne ne bai sani ba, kuma gida biyu ke ci daga shagon.

Ranar nan matar Yaya ta turo shi shagon a keken marasa lafiya, don a gida ba ya barin kowa ya huta. Ya dubi tulin tukwanen, ya yi wani gurnani, sannan ya ɗaga hannun hagu ya dinga shafa tsakiyar kansa yana nuna bakin titi.

"Kanka ke ciwo, Yaya?"

"Ba ciwo ba ne," in ji matar. "Sanƙo yake so a kira masa."

Sanƙo shi ne mai zubin tukwane na ƙarshen layi, wanda suka yi shekara da shekaru da Yaya ba su haɗa hanya ba, kowa na cewa tukunyar ɗan'uwansa rariya ce. Auta ya ji abin ya soke shi har zuci. Wato ko yau da Yaya ya yarda ya faɗa, ba shi ya zaɓa ba. Ya haɗiye, ya tafi ya kira shi.

Sanƙo ya zo yana share zufa, ya durƙusa gaban keken. "Mutumina, haka za ka yi mana? Wa zan riƙa zagi yanzu?"

Rabin bakin Yaya ya motsa, kamar dariya. Ya nuna buhunan.

Gaskiya Sanƙo ya san aiki. Bai tambayi komai ba, ya naɗe hannun riga. Ya ɗebi yashi yana duban idon Yaya, Yaya ya gyaɗa kai. Ya ƙara yumɓu, Yaya ya girgiza, ya rage. Haka suka yi ta yi, kamar kurame biyu a kasuwa, Auta na gefe yana haddace kowane motsi. Da aka zo kan ruwa, Sanƙo ya kwaɓa tsibi-tsibi, wannan ya ɗan fi wancan danshi, ya jera su a faranti ya ɗora a cinyar Yaya.

"Taɓa ka gaya mana wanne ne."

Yaya ya sa hannun hagu ya damƙi na farko, ya buɗe, ya duba. Ya damƙi na biyu. Ya koma na farko. Ya daɗe yana murza ƙasar, goshinsa ya tattare. Sannan ya ɗago ya dubi Auta, kuma a idon nan Auta ya ga tsoro, abin da bai taɓa gani ba a fuskar yayansa. Hannun hagu bai taɓa auna ƙasa ba. Aikinsa riƙe bokiti ne kawai.

Auta ya kama hannun daman, mai kanta da tabon ƙuna, ya ɗora shi a kan ƙasar, ya lanƙwasa yatsun da nasa. Yana saki suka buɗe. Ya sake, suka sake buɗewa. Matar Yaya ta juya baya tana gyara mayafi.

Duk da haka suka gwada. Kowane tsibi aka yi masa zubi, har rana ta karkata. Kowace tukunya ta yi yoyo, wata kaɗan, wata kamar an huda ta da ƙusa.

Sanƙo ya zauna a kan akwatin zubi, ya ce, "Auta, kawo garin da ke zuba in kana goge tukunya. Akwai gam a shagon nan?"

"Me za a yi da shi, Malam?"

"Nawa asirin zan ba ka, tun da na mutumina ya ƙi fitowa. Ni ma tawa tana yoyo, tun ranar da na fara. Ban taɓa gane ƙasar nan ba."

Ya kwaɓa garin alminiyum da gam, ya cusa a hujin wata tukunya da babban yatsa, ya bari ya sha iska, ya goge har wurin ya yi sheƙi. Aka zuba ruwa, ko ɗigo.

"Tana kai wa yaushe?" Auta ya tambaya.

"In ana ɗora ta a wuta kullum, 'yan watanni. Kafin nan an manta inda aka saya, ko a ce yara ne suka buga ta. Ungo, yi wannan in gani."

Yaya ya fara buga hannun keke yana gurnani, miyau na zuba a ƙirjin rigarsa. Ba sai an fassara ba, kowa ya ji abin da yake cewa. Auta ya tsani abin da zai yi, ya tsani Sanƙo da alherinsa, ya kuma ji haushin yayansa irin wanda ba a faɗa wa marar lafiya.

"Yaya, ka yi haƙuri," ya ce. "Yaranka da nawa za su ci abinci."

Ya jawo tukunya daga tulin, ya lakaci kwaɓin da yatsa. Bai ɗau lokaci ba. Sanƙo ya karɓa, ya juya ta a haske yana neman wurin da aka toshe, bai samu ba.

"Ka gani, mutumina?" ya ce wa Yaya. "Ashe ƙanenka yana da hannu. Sau ɗaya aka nuna masa."