Takin Albasa a Kunun Gado

Duk Jiga Makera an san Gado da abu biyu: albasa mai manyan kawuna, da gaggawa. Ko jam'i yake bi, kafin liman ya gama ɗagowa daga ruku'u shi har ya kai goshi ƙasa. Gaggawar nan ce ta sa ya diro daga motar albasa a kasuwar Aliero tun ba ta tsaya ba, a shekarun nan da jihar Kebbi ke jaririya. Mota dai ta tsaya lafiya. Ƙaurin Gado ne ya ce ƙas.

Mai ɗori ya ja ƙafar, ya jera kara, ya ɗaure, ya ce a kwanta sai ƙashi ya kama. To ga matsala: an riga an sa ranar auren autarsa Iklima da wani malamin makaranta na Maiyama, kuma ranar ta matso. Cikin 'ya'yansa babu wadda yake so kamarta, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. Ya ɗinka babbar riga, ya yi rantsuwa a gaban abokan wasansa cewa da ƙafafunsa zai tsaya ƙofar gida ya tarbi baƙi, ba za a shimfiɗe shi a tabarma kamar buhun da aka kasa sayarwa ba.

Ana nan sai ɗan ƙanwarsa Umar Faruk, mai aiki a wani kemis a Jega, ya zo dubiya da 'yar kwalba.

"Kawu, wanga boron a ka ce mai," in ji shi. "An ce shina taimaka ma ƙashi kaɗan. Ƙwara guda a yini, kak ka ƙara. Ba shi ɗori hwa, ɗori sai lokaci."

Gado ya zazzage ƙwaya ɗaya a tafin hannu ya dube ta da raini. Wannan 'yar abar da ko kaza ba za ta tsaya tsinta ba, ita za ta haɗa ƙaurin ƙato? Amma sunan ya tsaya masa a kunne, don ya san shi. Bara da albasarsa ta riƙa tsagewa tana laushi, malamin gona ya ba shi wani farin gari mai wannan suna, ya ce a jiƙa ɗan kaɗan a fesa. Aka fesa, albasa ta yi kai mai tauri kamar dutse. Malamin ya ja masa kunne cewa in ya yi yawa ganye zai ƙone, amma wannan ɓangaren Gado bai ajiye shi ba. Ragowar garin na nan cikin leda a rumbu.

Lissafin manomi ya yi, kuma a ganinsa babu ɓaraka: abin da ya ƙarfafa albasa cikin sati biyu, me zai hana shi ƙarfafa ƙashi? Su 'yan boko rowa ce ke damunsu, komai sai su matse shi cikin ƙwaya. Taki kuwa kowa ya san da hannu ake watsa shi.

Ya kira matarsa Gudiya ya ce ta ɗauko masa ledar, wai kyankyasai sun dame shi a ɗaki. Da safe ta kawo kunu, tana juya baya ya antaya cokali guda ya gauraya. Washegari ya ƙara, don a cewarsa ƙafa ta fara motsi.

Ba ƙafa ce ta fara motsi ba, ciki ne. Amai ta sama, zawo ta ƙasa, ga mutum da ƙafa a ɗaure ba halin gudu. Gudiya ta sha wahalar da ba ta sha ba ko a goyon tagwaye. Gado ya ce ai dattin ciwo ne ke fita, ya ƙara cokali. Sai jiki ya yi jawur, fata ta soma saɓulewa kamar bawon albasa. Ran da ya shafa gemunsa ya ga rabi ya biyo hannu, ran nan ne tsoro ya shige shi, ya faɗa wa Gudiya gaskiya.

"Taki kas sha?" in ji ta, ta dafe ƙirji. "Malam, kai gona na?"

A bayan a-kori-kura aka kai shi wani asibiti a Jega. Likita ya saurari labari, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce abin da jiki ke bukata na wannan sinadari bai kai ƙwayar gero ba, kuma yana cikin gyaɗa da wake da dabinon da Gado ke ci kullum. Abin da ya ɗura wa cikinsa kuwa ya ishi gona kadada guda. Ya ce a gode Allah ƙoda ba ta tsaya ba, aka maƙala masa ƙarin ruwa, aka hana shi tashi.

Haka aka ɗaura auren Iklima babu shi. Ƙanensa Bala ne ya tarbi baƙi, aka ci, aka sha, aka watse. Gado yana kwance yana kallon silin, baƙin ciki ya cika shi.

Da la'asar sai ga hayaniya a bakin ɗakin. Iklima ce ta tubure, ta ce ba za a kai ta Maiyama ba sai an biya da ita wurin ubanta ya yi mata nasiha, kamar yadda ake yi wa kowace amarya. Aka shigo da ita lulluɓe, ƙamshin turare ya danne warin magani. Ta durƙusa gefen gado, ta ɗaga mayafi, ta ga fuskar da ta saɓule da gemu rabi, sai ta fashe da kuka.

Kowa ya juya ga uba ana jiran nasiharsa. Nasihar amarya kuwa guda ce tun kaka da kakanni, babu wata.

"Ɗiyata," in ji Gado, "zaman duniya sai hanƙuri. Komi a bi shi sannu..."

Gudiya ta yi wani tari a cikin gyale. Matan da suka rako amarya suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Iklima ma, hawaye na zuba, dariya ta ƙwace mata. Gado ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora hannunsa mai saɓa a kan 'yarsa.

"Ki ji abin da nac ce," ya ce. "Kak ki dubi wanda yac ce shi. Tashi ki tahi, Allah shi yi miki albarka."

Aka fita da ita. Ya so ya leƙa ya ga tashin motar, amma taga ta yi masa nisa.