Huɗu da Ɗigo Uku

Abdulshakur ya ɗaga ɗan littafin da yatsu biyu, kamar wanda ya tsinci tsumma a kwata, ya ajiye shi gefen tebur bai ko buɗe ba.

"Malama Na'ima, wanga mi na?"

"Rubutun da niy yi na, Injiniya. Sati biyu ina rage ma kwamfutata gudu mataki-mataki, ina rubuta sa'ar da tam mutu. Ga gudu huɗu da ɗigo uku ta kwana uku ba ta mutu ba, amma da ƙananan ayyuka na. Shi yas sa nic ce bari in kawo ma gwani shi duba."

Ya yi irin murmushin da yake yi wa duk wanda ya shigo shagonsa ɗauke da ra'ayi. Shekara goma sha ɗaya yana haɗa kwamfutoci a Runjin Sambo, kuma a ganinsa mutanen garin nan kashi biyu ne: masu lalata kwamfuta da masu kawo masa ita. Na'ima mai haɗa bidiyon biki ce. Wani Saifullah na Kwalkwalawa, wanda duk iliminsa kallon bidiyon Turawa ne a waya, shi ya ƙure mata gudun firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, zuwa biyar cif, alhali kamfani a uku da ɗigo shida ya bar shi. Tun daga ranar kwamfutar ke sumewa a tsakiyar aiki.

"Saifullah!" Abdulshakur ya yi tsaki. "Wanda ko fitilar hannu bai iya gyarawa. Ke kuma kinka biye mai da biro da takarda."

Na'ima ta haɗiye maganar, don ba ta da lokacin fushi. Bidiyon bikin 'yar Alhaji Umar Faruk, babban ɗan kasuwar hatsi, yana cikin kwamfutar nan, an gama yanka da jerawa, saura kwamfutar ta haɗa shi ta fitar da shi cikakke. Yau bayan Magariba za a haska wa mata kafin baƙin Maraɗi su kama hanya. Shi ne babban aikinta na farko, kuma matan gidajen 'yan kasuwa ba sa ba mutum dama sau biyu.

Abdulshakur ya shiga saitin cikin kwamfutar da ta kawo yana danne-danne da sauri don ta gani. Ya sa firosesa a huɗu da ɗigo bakwai, ya ƙara masa wuta, ya ɗaga gudun ram, wato ma'ajiyar aikin da kwamfuta ke kai, duk a zama ɗaya. Sannan ya kunna gwaji ya miƙe ƙafa. Na'urar sanyaya ɗaki tana hura musu iska har Na'ima ta ƙara jan mayafi. Rabin awa kwamfutar tana aiki lafiya lau.

"Kin gani? Awa uku ta gama miki. Huɗu da uku gudun tsohuwa na."

"Injiniya, da sahe ba ta mutuwa dama. Bayan Azahar ta ka yi."

"Kwamfuta ba ta san Azahar ba, Malama."

Ta ɗauki littafinta, aka ɗora mata kwamfutar a keke napep ta tafi. Ya leƙa shagon maƙwabcinsa Sirajo mai gyaran waya, ya ba shi labarin matar da ke rubuta wa kwamfuta tarihin suma, suka yi dariya.

Ƙarfe biyu da kwata wayarsa ta yi ƙara.

"Ta mutu," in ji Na'ima. "Ga tamanin da shida cikin ɗari. Allon ya yi shuɗi."

"Wuta anka ɗauke."

"Sola gare ni da batir. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba."

Ya tari keke zuwa Unguwar Rogo yana ƙunƙuni, ya riga ya yanke cewa wani abu ta taɓa. Mata da karambani, in ji shi a ransa. Ɗakin aikinta yana bakin zaure, rufin kwano ne babu silin, taga ɗaya. Yana sa ƙafa zafin watan Afrilu ya rufe shi, rigarsa ta manne masa a baya. Fankar da ke ƙasa tana juyawa da iyakar ƙarfinta, amma iskar da take turowa tamkar daga bakin tanda.

Ya tayar da kwamfutar ya sake kunna gwajinsa na safe, da niyyar nuna mata laifinta. Ma'aunin zafin firosesa, wanda a shagonsa bai wuce saba'in ba, ya haura tamanin, ya haura casa'in. Minti tara allon ya yi shuɗi.

Lambobinsa daidai suke, amma a ɗaki mai sanyin da babu mai shi a cikin masu kawo masa aiki. Ya tuna kwamfutocin da aka sha dawo masa da su a bazara, da yadda yakan kori masu su da cewa ba su iya riƙo ba. Kunya ta kama shi, ya ji haushin kunyar.

"Sai mu maishe ta yadda kamfani yab bar ta," ya ce.

"Awa biyar ta ka ɗauka hakanan. Na gwada. Yanzu uku saura kwata, sai takwas saura ke nan. Baƙi sun watse."

Ya kalli agogo, ya kalli rufin kwanon. Lokacin gwaje-gwaje ya wuce. Harbi ɗaya ya rage musu, in ta sake mutuwa a hanya, shi ke nan. Kuma a duk Sakkwato lamba ɗaya ce aka taɓa gwadawa a ɗakin nan da rana tsaka.

"Ina littahen nan naki?"

Ta miƙo masa ba tare da ta dube shi ba. Wannan karon da hannu biyu ya karɓa. Kowane layi da kwanan wata, da gudu, da sa'ar mutuwa. Gudu biyar: ƙarfe ɗaya da rabi. Huɗu da takwas: biyu saura. Huɗu da biyar: uku da minti goma. Huɗu da huɗu: huɗu saura. A ƙasa huɗu da uku, layi uku, gaban kowanne ta rubuta "ta kai Magariba".

Ya sa huɗu da ɗigo uku, ya rage wutar. Hannunsa ya nufi saitin ram.

"Bar ram ɗin yadda kamfani yas sa shi," in ji Na'ima. "In ka taɓa biyu tare, ba ka sanin wanda yak kashe ta."

Ya buɗe baki zai tuna mata shekarunsa goma sha ɗaya, sai ya rufe. Ya mayar da ram ɗin, ya cire murfin gefen kwamfutar, ya juya fankar ta daina kallonsu ta koma kallon injin.

Suka zauna cikin zufa. Ya fita ya yi La'asar a masallacin bakin layi ya dawo da sauri, ma'aunin yana tamanin da huɗu bai motsa ba. Da aikin ya kai tamanin da shida cikin ɗari, Na'ima ta rufe ido tana motsa leɓe. Ya wuce. Bakwai saura minti ashirin kwamfutar ta yi ɗan ƙara, bidiyo ya fito cikakke. Ta kwafe shi, ta saɓa mayafi ta yi waje neman keke, ko sallama ba ta yi masa ba. Shi kuwa ya fito da wayarsa ya ɗauki hoton shafin.

Washegari bayan Azahar Sirajo ya leƙo shagon, ya tarar da ƙofa a wangale, Abdulshakur yana zaune sharkaf da zufa gaban kwamfutar wani, da sabon littafi da biro a gefensa.

"A'a, Injiniya! Na'urar sanyin ta lalace halan?"

"Lahiyarta lau," in ji Abdulshakur, bai ɗago ba. "Matsa daga ƙohwa, kana tare mani zahi."